Tauraro Mai Kaushi

Litinin, da hantsi

Baba ya faɗi da asuba a hanyar banɗaki. Wuyan hannunsa na dama ya karye, goshi ya tsage. Auta ƙanwata tana asibiti tare da shi, ni ta ce in dawo gida in wanke jinin kafin ya bushe. Na wanke. Ba yawa, kaɗan ne a bakin matakalar nan guda da ake sauka kafin banɗaki, sai wani a jikin ƙofa.

Da na gama na tsaya ina kallon lungun. Ya yi kyau. Abin haushin ke nan.

Jiya na manna ɗamarar. Haka muke kiran doguwar takardar adon bango a shagonmu, saboda tana zagaye ɗaki ta tsakiya kamar an yi masa ɗamara. Mai gidan haya ya hana mu fenti, ya hana ƙusa, amma wannan ba ruwansa da ita: ka manna, ka ɓare, ba tabo. Kullum haka nake gaya wa masu saye. Saura ce ta rage daga wani aiki, mai shago ya ce in ɗauka. Koriya ce mai zanen ganye. Na ja ta tun daga ƙofar ɗakin Baba har banɗaki, a miƙe, babu kumfar iska ko ɗaya a ƙarƙashinta.

Jiyan Baba ya yini a ƙofar gida da abokinsa mai gyaran agogo. Da ya shigo Auta ta ce, "Baba, ka ga aikin Sannu-sannu?" Sunan da ya sa min ke nan tun ina yaro. Ya ce, "Na gani, ya yi kyau, Allah ya yi albarka."

Ɗaya bangon yake fuskanta lokacin da yake faɗar haka.

Litinin, bayan magariba

An ɗaure hannun. Za su riƙe shi saboda kan.

Talata, da yamma

Yaya ya kira. Shi ne babbanmu, yana wani gari da iyalinsa a saman bene. Bai ko amsa gaisuwata ba.

"Ku biyu a gida, ƙato da budurwa, tsoho ɗaya ya gagare ku? Kai kana ina? Kana can kana lallaɓa bango da gam?"

Na ce, "Barci nake, Yaya. Asuba ce."

"Barci. To madalla. Ka gaya wa Auta in an sallame shi zan zo in ɗauke shi. Na gaji."

Na gaya wa Auta, Auta ta gaya wa Baba, da ma ba ta iya riƙe magana. Baba ya juya fuska wajen bango ya ce, "A gidan nan uwarku ta cika. Ba inda za ni." Shayin da aka kawo masa ma bai sha ba.

Nas ta ajiye masa kofin ruwa, ya miƙa hannun hagu ya ture shi. Karo na biyu ke nan yau, in ji Auta. Likita ya shigo, Baba ya ce masa, "Sannu, 'yata." Likitan namiji ne, har da gemu. Auta ta yi dariya, can kuma ta daina.

Laraba, da safe

Ban je shago ba. Wani abu ya tsaya min a rai.

Kafin in manna ɗamarar sai da na gyara bangon, haka aikin yake, takarda ba ta kama wuri mai datti ko mai gargada. Wanda ya zauna a gidan kafin mu ya yi wa rabin bangon na ƙasa fentin mai, na sama na ruwa, inda suka haɗu akwai ɗan tudu siriri da yatsa ke ji. A kan tudun nan akwai wani baƙin layi na maiƙo, tun daga ɗakin Baba har ƙarshe. Na ce wannan wace irin ƙazanta ce, na sa soso da sabulu na dirje shi. Na sa takardar goge katako na kankare tudun ya koma sumul. Kusa da banɗaki kuma akwai wani ɗan rami, wurin da siminti ya ɓalle, bai fi kan babban yatsa ba. Cikinsa har sheƙi yake. Na kwaɓa hoda na cike shi, na shafe.

Yau na bi gidan da ido. Baƙin layin nan yana jikin bangon falo. Yana gefen ƙofar kicin. Yana bayan kujerar Baba. Duk tsayi ɗaya. Na tsaya na saki hannuna yadda Baba ke sakin nasa, na ɗan rage tsawo. Daidai.

Na koma lungu, na sa yatsa inda ramin yake a da. Na ɗaga ƙafa sau ɗaya. Matakala.



Laraba, bayan la'asar

Na kai musu abinci. Ban iya kallon Baba ba. Shi ma bai kalle ni ba, amma shi da dalilinsa.

Alhamis, da rana

A shago wata mata ta zo da 'yarta suna zaɓen malam-buɗe-littafi na mannawa. Ta ce, "Da gaske in na cire ba zai ɓata min bango ba?" Na buɗe baki in yi karatun da na saba, sai ya maƙale. Mai shago ne ya ƙarasa min daga bayan kanta: "Hajiya, ki manna, ki ɓare, ba tabo!" Da suka fita ya ce, "Kai, yau ka bar harshenka a gida ne?"

Abubuwa suna ta dawo min. Baba tela ne, ya rufe keken ɗinkinsa bara ya ce bayansa ke ciwo. Ya daina zuwa masallaci shi kaɗai, sai mai agogo ya biyo masa, suna tafe kafaɗa da kafaɗa kamar masu gulma. Ya hana Auta matsar da kujeru in tana shara, har faɗa ya yi mata, shi da ba ya faɗa. Rediyo ya maye gurbin jarida. In ka ba shi sabon yadi ba ya ɗaga shi sama, murza shi yake tsakanin yatsu ya ce maka ga irinsa.

Ni da ake cewa ba abin da ke wuce min. Ina hango karkatar takarda daga bakin ƙofa. Duk wannan na gani, ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa haɗa su wuri guda ba. Ko kuwa na haɗa na ƙi dubawa. Ban sani ba.

Juma'a, da yamma

An sallame shi. Ni na riƙo shi muka shigo. A lungu na ji hannunsa na hagu yana neman bango, sai ya fasa, ya riƙe rigata.

Da Auta ta fita siyo magani ya ce, "Sannu-sannu, rufe ƙofa."

Na rufe.

"Ka iya aiki," ya ce. "Ranar nan na sa yatsa na ji sumul kamar bayan faranti. Ina tafe ina cewa a raina, yaron nan hannunsa ya faɗa, ko ɗinkina bai kai wannan santsi ba. Ina cikin yabonka na ji ni a ƙasa."

Dariya yake yi. Ni na kasa. Na ce, "Baba..." Ya ɗaga hannun mai ɗauri.

"Ba wannan na kira ka ba. In an kunna kwan lungu ina ɗan ganin inuwa. Da asuba ba na kunnawa don kada in tashe ku. Shi ke nan labarin. Yanzu ka ji: wanka ba zai sani ba. Auta ma, ka san bakinta. In wanka ya sani, ranar zai sa ni a mota. Gidansa ban san bango ko ɗaya ba. Ga bene. Za su ajiye ni a kujera kamar buhu, yara su riƙa kewaye ni. Nan kuwa na san inda kowane abu yake. Ka yi min alkawari."

Na yi.

Ina da bakin ƙi ne, bayan abin da na yi?

Asabar, da hantsi

Na ɓare ɗamarar. Ta fito salin alin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko ɗigon fenti ba ta ɗauko ba. Gaskiya muke faɗa wa mutane ashe.

A ƙarƙashinta bango fari fes, sumul. Babu tudu, babu layi, babu rami. Abin da na manna ya ciru. Abin da na kankare bai dawo ba.

Na ɗauko sukudireba zan sake haƙa ramin, sai na tuna mai gidan haya yana zuwa duba gida ƙarshen wata. Kuma ramin ba na hannun hagu ba ne. In zai tafi banɗaki yanzu, ɗaya bangon ne a hagunsa.

Na mayar da ɗamarar. Ta sake kamawa.

Lahadi

Yaya ya kira Auta, ba ni ba. Ta gaya masa maganar kofi da maganar likita mai gemu. Ya ce ruɗewar tsufa ce ta fara, ya san wani da ubansa ya fara haka. Zai zo Asabar ta sama da matarsa.

Auta ta tambaye ni, "Kai kana ganin kan Baba ya taɓu?" Na ce ban sani ba.

Na sani.

Talata, bayan azahar

A shago akwai wani kwali a ƙarƙashin kanta da muke zuba yanke-yanken da ba su shiga ba, waɗanda launinsu ya koɗe ko aka raba su da 'yan uwansu. Na zauna na zazzage shi, na rufe ido ina taɓawa. Ba launi nake nema ba. Akwai ganye masu laushi kamar karan-miski. Akwai kifaye na soso masu kumburi, na ɗakin yara. Akwai taurari masu ƙyalli, kaushinsu kamar harshen kyanwa.

Mai shago ya same ni ido rufe ina shafa kifi. Ya ce, "Lafiya? Ko aljanun sitika ne suka hau ka?" Na ce ina so ne. Ya ce, "Kwashe duka, ka rage min shara. Amma in budurwa za ka kai wa, kada ka ce daga shagona."

Laraba, da safe

Na tsayar da Baba a lungu, na ce ya saki hannun hagu yadda ya saba. Na ɗiga fensir inda yatsansa ya taɓa. Ya fi na dama ƙasa kaɗan, kafaɗar ta sauka saboda shekarun da ya yi a kan keke.

Muka tsara tare. Ganye masu laushi a jere, ma'ana ci gaba, hanya lafiya. Kifi ma'ana ƙofa. Tauraro mai kaushi guda ɗaya tak a gidan, taku ɗaya kafin matakala.

"Me ya sa kifi a ƙofa?" ya ce.

"Shi ne ya rage, Baba."

"To ka sa babban a ƙofar Auta, ita ce mai baki buɗe."

Ya sa na matsar da wani ganye har sau uku. Ya ce tazarar ba daidai ba, ɗinkina yana tsalle. Na auna da tef, da gaskiyarsa. Da ido abin ba ya kan layi, wani sama wani ƙasa, don na bi yadda hannunsa ke lilo ne in yana tafiya. Duk wanda ya gani zai ce yaro ne ya yi wasa da bango.

Auta ta dawo daga makarantar koyon kitso ta tsaya turus. "Wannan kuma fa? Gidanmu ya koma ajin 'yan rainon yara? Kifi ruwan hoda, Yaya Sannu? Kai da kake aunawa da igiya?" Na ce sabon yayi ne. Baba daga ɗaki ya ce, "Ni na ce ina so. Bar min kifayena."

Alhamis, da yamma

Na ɗaure idona da ɗankwalin Auta na bi hanyar da kaina. Na san gidan nan tun ina rarrafe, amma da ƙyar nake ɗaga ƙafa. Tsakanin ganye da ganye akwai ɗan wuri da yatsa ba ya jin komai, a nan zuciya ke tsinkewa. Da na taɓa tauraron sai na ji kamar wani ya riƙe min hannu.

Haka ya yi ta tafiya, watanni, shi kaɗai, muna barci.

Na kwance ɗankwalin na ga Auta a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dubi taurarona, ta dubi ƙofar Baba. Ta koma kicin, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Ban faɗa mata ba. Ina so a san ban faɗa ba.

Juma'a

Baba ya je ya dawo shi kaɗai, ya sake, ya sake. Ya ce in Yaya ya zo zai nuna masa tafiya irin ta soja.

Ni kuma ina koya wa ubana yadda zai ruɗi ɗansa. Kuma idon nan, wa ya sani ko na magani ne? Kowace rana da na yi shiru, wataƙila wani abu nake sake kankarewa.

Asabar, bayan isha'i

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, don kaina ya daina juyawa.

Sun iso da hantsi. Yaya ya durƙusa ya gaida Baba, ya ga ɗaurin hannun, idonsa ya kawo ruwa, sai ya juya ya huce a kaina. "Mai gam, har yanzu ba ka samu aikin yi ba?" Baba ya yi kyau da safen nan. Ya gane matar Yaya da takunta, ya tambayi jikoki da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya je banɗaki ya dawo, hannu yana shafar bango kamar ba da gangan ba. Na ga Yaya ya bi shi da kallo, ya ɗan saki fuska.

Bayan azahar Baba ya kwanta. Yaya ya aike ni in kai tayar motarsa faci, Auta kuma ta tafi kasuwa. Mai facin ya riƙe ni.

Da na dawo an ɗauke wuta, lungun ya yi duhu-duhu, da ma ba shi da taga. Matar Yaya ta tare ni da murna, tana haska min da waya. Mutuniyar kirki ce, ba ta iya zama hannu sake.

"Ƙanina, zo ka ga. Na ga abubuwan naka duk a karkace, na ce yaron nan gajiya ta yi masa yawa. Ashe da gaske suna ciruwa! Kamar ɓawon ayaba. Dubi yadda na jera maka."

Ta kwashe su duka. Ta haɗa ganyen wuri ɗaya can sama sun zama reshe, kifayen suna iyo a ƙarƙashi, tauraron a kan ƙofar falo, sama da kan kowa. Wallahi ya yi kyau. Ta fi ni ido.

Na ce, "Sannu da aiki, Anti." Ina lissafin yadda zan mayar kafin ya farka, sai na ji ƙofarsa.

Ya fito yana gyaran murya irin na mai gida. Yaya yana zaune a falo inda yake hango lungun. Baba ya sa yatsa a bango. Ya yi taku ɗaya, biyu. Na ga yatsan yana hawa yana sauka, yana nema. Bai tsaya ba. Ya san Yaya na kallo, sai ya ƙara miƙe wuya ya ci gaba, tafiyar soja.

Na yi alkawari. Ina tsaye da alkawarin a bakina kamar tsakuwa, shi kuma yana matsar matakala.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, tsaya! Babu tauraron!" ba.

Ya tsaya cak. Yatsun ƙafarsa sun riga sun leƙa bakin matakalar.

Yaya ya taso. "Wane tauraro? Me ake yi ne a gidan nan?"

Auta ta shigo da leda ta tsaya a bakin ƙofa. Baba yana nan yadda yake, bayansa gare mu, tafin hannu a bango. Can ya ce, a hankali, "Wa ya kwashe min idanuna?"

Matar Yaya ta sa hannu a baki.

"Ba kaina ba ne, Babba," ya ce wa Yaya. "Kaina garau yake, ya fi naka. Ido ne. Ya daɗe. Yanzu ka ji, sai ka je ka tayar da motarka."

Yaya bai je ya tayar da mota ba. Kaina ya yo. "Ka sani? Ka sani ka bar ni ina cewa ubana ya ruɗe? Ina ta neman likitan ƙwaƙwalwa?" Na ce na sani. Ya ce tun yaushe. Na gaya masa, har da ramin da na cike, tunda ya tambayi yadda na gane. Ya ɗaga hannu, na rufe ido. Baba ya ce, "In ka taɓa shi, ni ka taɓa. Ni na ɗaure masa baki." Ko ta yaya ya san an ɗaga hannu, oho.

Ni ne na kai shi banɗaki. A hanya bai yi min magana ba. Da muka dawo ya zare hannunsa daga nawa tun kafin mu kai ƙofa.

Na karya wa wannan alkawari, na yi wa wancan ƙarya. Cikin yini ɗaya.

Lahadi, da safe

Ba mai yi min magana sai matar Yaya, ita kuma haƙuri take ta ba ni, abin da ya fi zagi ciwo.

Lahadi, da yamma

Bayan azahar Yaya ya same ni a lungu ina ɓare reshen. Ya tsaya yana kallo ina bin ɗigon fensir ina mayar da kowane ganye mazauninsa. Ya ce, "Me ya sa wannan ya fi wancan ƙasa?" Na ce a nan hannun Baba yake sauka in ya ɗaga ƙafar dama.

Can ya ce, "Ba ni ɗankwalin."

Auta ce ta gaya masa, ba shakka. Ta ɗaure masa da kanta, ta ja da ƙarfi har ya ce wayyo. Ya fara daga ƙofar Baba. Yaya mai faɗa, mai mota, yana jan ƙafa kamar ɗan koyon tafiya, yana cewa, "Ina na gaba? Kai, ina na gaba?" Na ce ci gaba, yana nan. Ya taɓa kifin Auta ya ce, "Wannan mene ne mai taushi?" Baba daga ɗaki ya ce, "Ƙanwarka ce."

Ban riga na mayar da tauraron ba, yana hannuna. Na riƙe Yaya a kafaɗa kafin matakala. Ya cire ɗankwalin, ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙofar da goshin Baba ya bugu. Gumi ne a fuskarsa.

Ya shiga wajen Baba ya rufe ƙofa. Sun daɗe. Na ji muryar Yaya ta hau, ta sauka, na ji ta Baba ba ta motsa daga inda take ba. Ban kasa kunne ba. Na ɗan kasa.

Da ya fito ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zai zauna. Amma ran Laraba zan dawo mu kai shi likitan ido, ko yana so ko ba ya so. Kwan lungun nan kuma a bar shi a kunne, a sayo mai caji. Kai kuma ka dawo da katifarka ƙofar ɗakinsa. In ya sake ko tuntuɓe, ba zan yi shawara da kowa ba."

Na ce to.

Ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa zai yi, ashe tauraron yake so. "A ina?" Na nuna masa ɗigon fensir. Ya manna, ya danna da babban yatsa, ya sake dannawa har farcensa ya yi fari.

"Ba shi da wanda ba ya ciruwa?" ya ce.

Na ce babu, duk na shagonmu masu ciruwa ne.

"To kai ne gam ɗin. Ka ji ko?"

Litinin, da hantsi

Sun tafi da sassafe. Yaya bai yi min sallama ba, amma ya bar min cajar wayarsa da ya san tawa ta lalace. Ko mantawa ya yi.

Baba bai ce ya yafe min maganar alkawari ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Da asuba na ji ya buɗe ƙofa, ya tsallake ƙafata kamar ya gan ta. Na yi lamo. Ina jin yatsansa a bango, shuu, shiru, shuu, shiru. Sai ɗan ƙaran nan na kaushi. Ya tsaya. Ya sauka.

Da zai koma ya tsaya a kaina.

"Sannu-sannu, na san idonka biyu, numfashinka ba na mai barci ba ne. Wan nan naka ya manna min tauraro a karkace."

Na ce, "Zan gyara, Baba."

"A'a," ya ce. "Bar shi yadda ya sa."